Asibitin Zarra da Mai Agashe na Alsawra

A tsakiyar birnin Hartum akwai wani asibiti wanda sunansa na takarda dogo ne, amma ba mai kiransa da shi. An buɗe shi a shekarar 1967 domin masu ciwon daji, mutanen gari kuwa suka raɗa masa Mustashfa Zarra, wato Asibitin Zarra. Kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, gama in ana so a faɗi iyakar ƙanƙantar abu sai a ce ko ƙwayar zarra. Wani abin mamaki kuma, a rubutun Larabci marar wasula, zarra da zura, wato dawa, haruffansu ɗaya ne. Baƙon da ya ga sunan a jarida yana iya zaton asibitin dawa ake nufi. Ɗaya abinci ce da ake kisra da ita kowace rana, ɗaya kuwa suna ne wanda mata kan rage murya kafin su faɗa.

Aikin wannan asibiti shi ne gashi. Akwai wani ƙarfe da ake kira kobal 60, wanda yake fitar da tiriri dare da rana ba tare da an hura shi ba. Ido ba ya ganin tiririn, hanci ba ya jin warinsa, fata ba ta jin zafinsa a lokacin da yake shiga. Mutanen Sudan suna ce masa ish'a. Ana ɗaure ɗan guntun ƙarfen nan, wanda bai kai tsawon yatsa ba, a cikin wani katon tulu na dalma, a bar masa taga ɗaya. In aka buɗe tagar aka saita ta a kan ƙari, tiririn yakan lalata ƙwayoyin cutar fiye da yadda yake lalata naman lafiya. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi a duk shekara 5 da 'yan watanni, don haka dole a riƙa sake shi.

Alsawra unguwa ce babba a arewacin Umdurman, an yanka ta hara hara, kowace da lambarta. Akwai Hausawa a cikinta, kamar yadda suke a wurare da yawa na Sudan, jikokin mahajjatan ƙasa waɗanda suka yada zango a hanyar Makka har zangon ya zama gida. Waɗansu kuma zuriyar waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi ne a shekarar 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. A cikin Hausawan Alsawra akwai wani dattijo mai sayar da agashe. Agashe tsire ne, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, sai dai sunan da ya samu a can, kuma duk mai jin Hausa ya san inda sunan ya fito. Shekara talatin da ɗoriya mutumin nan yana tsaye a bakin garwashi kowace yamma.

Uwargidansa ce ta ji wani ɗan kulu a mamanta. Ta ɓoye wata biyu. Sa'ad da ta faɗa, aka kai ta ga likita, aka yanka aka cire, sa'an nan likitan ya rubuta takarda ya ce sauran gashi, a haye kogi a tafi Zarra.

A daren nan gidan bai yi barci ba. Mahaifiyar matar ta zo daga wata hara, ta zauna a kan angarib, ta ce ba da yawunta ba. Ta ƙirga wa surukinta mutum huɗu da ta sani, dukansu sun shiga Zarra, ba wanda ya ga damina biyu a bayan haka. Ta ce, "Malam, ai an riga an cire abin. Me ya rage kuma da za a kai mini 'ya a ƙona?" Shi kuwa bai ɗaga ido ba, ya ce, "Inna, a bar ni in yi tunani zuwa safe."

Tsohuwar ba ƙarya ta yi ba, mutanen nan huɗu sun mutu. Abin da ba ta lissafa ba shi ne lokacin da aka kai su. Likitocin Sudan sun daɗe suna kukan cewa yawancin masu sankarar mama ba sa zuwa sai ciwon ya riga ya yi jijiya, bayan an gama da mai magani da mai ƙaho da mai tofi. In mutum ya isa a makare ya mutu, sai dangi su ce asibitin ne ya kashe shi. Wannan labari kuma shi zai sa na bayansa ya ƙara makara. Haka tsoro yake ciyar da kansa da kansa, kamar wutar da ta kama juji.

Amma akwai wani dalili da ya sa tsoron ya yi ƙarfi a wannan lokaci musamman, kuma ba daidai ba ne a raina shi. A watan Nuwamba na shekarar 2015 wani tsohon shugaban hukumar makamashin zarra ta Sudan ya tsaya a gaban taro a Hartum ya ce, sa'ad da ake gina madatsar ruwa ta Marawi, an shigo da kwantena 60 na shara mai guba daga ƙasar Sin, an binne 40 a cikin hamada, an bar 20 a fili. Gwamnati ta ƙaryata. Madatsar nan tana arewa, kimanin kilomita 350 daga Hartum, an buɗe ta a shekarar 2009, ita ce kuma take ba ƙasar babban rabo na wutar lantarki. Tun zamanin Numeiri, wanda aka hamɓarar a 1985, ake jita-jitar cewa an binne sharar nukiliya ta Turawa a hamadar Sudan. To, ga wani babban ma'aikaci ya faɗa da bakinsa, ga hukuma ta ce babu. Talakan Alsawra ba shi da na'urar awo, ba zai tafi hamada ya tona ba. Abin da yake da shi kawai shi ne tarihin wanda ya taɓa yi masa ƙarya da wanda bai taɓa ba. Da ya duba wannan tarihi, sai ya gaskata maganar kwantena. Daga nan duk wanda ya kamu da ciwon daji a arewa sai a ce Marawi ce, duk abin da aka kira zarra kuma sai ya shiga buhu ɗaya, da bom, da shara, da injin asibiti.

Ba a Sudan aka fara wannan ba. A ranar 26 ga Afrilu 1986 tukunyar nukiliya ta Carnobil ta fashe a Tarayyar Sobiyet. Hukuma ta yi shiru. Mutanen garin Firifiyat, wajen 49,000, sun kwana sun yini a gefen abin kafin a kwashe su. Duniya ba ta ji ba sai bayan kwana biyu, sa'ad da na'urorin wata tashar nukiliya a Suwidin suka yi kuka saboda ƙurar da iska ta kawo. Shanu suka ci ciyawar da ƙurar ta sauka a kai, yara suka sha madarar, ba wanda ya hana da wuri. Zuwa shekarar 2005 an ƙirga sama da mutum 6,000 da suka kamu da sankarar maƙoshi a cikin waɗanda suke yara a lokacin. Da an ce wa iyaye tun ranar farko kada a sha nono, da yawancin wannan bai faru ba. Wanda ya ji wannan labari, ba za a zarge shi ba in ya ƙi yarda da kalmar "babu komai" daga bakin hukuma.

Da gari ya waye mai agashe ya ce za a tafi. Ya ce wa surukarsa shi bai san zarra ba, amma ya san likitan da ya yi yankan, kuma mutumin bai ɓoye musu komai ba tun farko, har abin da ba su so su ji.

Suka riƙa fita da asuba, raksha zuwa tasha, mota zuwa hayin kogi, daga Lahadi zuwa Alhamis, har mako biyar. A farfajiyar asibitin akwai mutane daga Darfur da Kassala da Dongola, waɗansu sun shimfiɗa tabarma a gindin bishiya suna jiran layinsu. An yi wa matar zane a ƙirji da tawada, aka ce kada ta wanke shi. Ranar farko aka kwantar da ita a ƙarƙashin injin, ma'aikacin ya gyara mata hannu, ya fita, ya ja wata ƙofa mai kauri kamar ta taskar banki. Sa'ad da ya komo bayan 'yan mintoci sai ya tarar tana kuka. Ba ciwo ta ji ba, ba ta ma ji komai ba. Ta ce, "Ɗana, in abin nan magani ne, me ya sa kake gudu ka bar ni ni kaɗai da shi?"

Wannan tambaya ta fi tambayoyin masu ilimi da yawa, kuma yaron ya amsa ta da kyau. Ya ce, "Ya Hajja, ke sau 25 za ki shiga ɗakin nan, kuma a wuri ɗaya abin yake sauka, inda cutar take. Ni kuwa mutum nawa nake kwantarwa a rana? In na tsaya tare da kowa, shekara da shekaru, ba ni da ƙarin da zai cinye, jikina zai ci." Ya nuna musu wani ɗan abu kamar lamba maƙale a aljihun rigarsa. Ya ce wannan yana ƙirga duk tiririn da ya taɓa shi, ana karɓa a auna lokaci lokaci, in ya haura ƙa'ida sai a binciki dalili. Sa'an nan ya ce abu uku ne suke tsare mutum daga ish'a: kada ya daɗe, kada ya matsa, a sa wani abu mai kauri a tsakani.

Mai agashe ya yi dariya, karo na farko cikin makonni. Ya ce ashe sana'arsu ɗaya. Shi ma duk iliminsa wannan ne: yawan tazarar tsinke da garwashi, yawan lokacin da nama zai yi kafin a juya shi, da tokar da ake rufa wa wuta in ta yi zafi. Tsinken da aka matsar ainun ya ƙone, wanda aka nisantar ya yi ɗanye, wutar kuwa ɗaya ce. Daga ranar nan ya daina jin tsoron injin. Fatar matar ta yi duhu ta yi saɓa a mako na huɗu, ta riƙa jin gajiya, duk kamar yadda aka faɗa musu tun farko. Wannan ma ya ƙara masa natsuwa, domin abin da aka ce zai faru shi ne ya faru.

Wahalar da ta fi ta asibiti a gida ta same su. Maƙwabciyar da suka yi shekara ashirin suna musayar kwano ta daina karɓar abincinsu. In an aika da miya sai ta ce sun ƙoshi. Wata matashiya ta janye jaririnta sa'ad da matar ta miƙa hannu za ta ɗauke shi a wurin suna. Har cinikin agashe ya ja baya na ɗan lokaci, wai kada a ce ita ta daka yajin. Matar ba ta yi faɗa da kowa ba, sai dai ta daina fita.

A nan ya kamata mai karatu ya riƙe gaskiyar abin, gama ana yin wannan zalunci a Kano da Zariya kamar yadda ake yi a Umdurman. Wanda aka yi wa gashi da inji daga waje ba ya ɗauke da tiriri a jikinsa. Da an rufe tagar injin, shi ke nan, kamar wanda ya shigo inuwa daga rana, ba ya shigo da rana a rigarsa. Ana iya cin abincinsa, a kwana ɗaki ɗaya da shi, ya goyi jikansa. Akwai wani magani dabam, ruwan aidin mai tiriri da ake ba masu ciwon maƙoshi su sha. Shi wannan yana zama a jiki, ƙarfinsa yana raguwa da rabi a kwana 8, likita kuma yakan ce a nisanci yara da masu ciki na 'yan kwanaki. Iyakarta ke nan. Ban da haka ma, ba wani ɗan adam da yake rayuwa ba tare da tiriri ba. Yana fitowa daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, har daga cikin abinci. Hoton ƙirji ɗaya a asibiti bai wuce abin da mutum yake samu haka kawai cikin kwana goma ba.

Matar ta warke. Maƙwabciyar ta koma karɓar kwano bayan wata shida, ba wanda ya tada maganar.

Ana cikin haka sai zancen zarra ya sake tasowa ta wata ƙofa. A watan Mayu 2016 Sudan ta sa hannu da wani kamfanin gwamnatin Sin a kan shirin gina tashar lantarki ta nukiliya. A watan Nuwamba 2017 Umar al-Bashir ya tafi Rasha ya gana da Putin, aka ƙulla wata yarjejeniya da kamfanin Rosatom, har aka yi maganar tashar da za ta zauna a kan jirgin ruwa. A bakin tukubar mai agashe gardama ta kaure. Samari suna so. Wanda ya taɓa kwana a Umdurman a watan Mayu, zafi ya haura 40, fanka ta tsaya tun la'asar, ya san dalilinsu. Wani ɗalibi a cikinsu yakan kawo lissafin Fukushima ta Japan: a watan Maris 2011 igiyar ruwa ta hallaka mutum wajen 18,000, amma wanda gwamnati ta amince tiririn tashar ne ya kashe shi ma'aikaci ɗaya ne, shi ma sai a 2018. Waɗanda suka mutu saboda wahalar kwashewa da zaman gudun hijira sun haura 2,000, yawancinsu tsofaffi. Yakan nuna hayaƙin tukubar ya ce, "Baba, wannan da kake shaƙa kullum ya fi kashe mutane." Yaron yana da gaskiya. Hayaƙin itace da gawayi a cikin gidaje yana kashe mutum wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara, ba kuwa mai gudunsa, domin an saba da shi.

Ana zaton mai agashe zai bi bayan samarin, tun da shi ne ya ga amfanin zarra a gidansa. Bai bi ba. Ya ce ya yarda da injin asibiti domin ya ga ƙofa mai kauri da idonsa, ya ga lambar da take aljihun yaron nan, ya kuma ga an faɗa masa abin da zai faru ya faru. Ya ce a nuna masa wanda zai maƙala wa gwamnati irin wannan lamba, da wanda zai karɓa ya auna, da wanda zai iya ce wa minista a kashe tukunya yau, a kashe, shi kuma ya kwana a gidansa lafiya. Ya ce mutanen da har yanzu ba su gamsar da kowa a kan kwantena 60 ba, ba zai ba su ajiyar garwashin da ba ya mutuwa ba. Ɗalibin ya ce wannan siyasa ce, ba kimiyya ba. Amma lissafin da yaron yake taƙama da shi an tara shi ne a ƙasashen da mai duba aiki yake da iko, ake kuma biyan mai gadi albashinsa a kan kari. Ba a raba lissafin da waɗannan abubuwa. Afirka ta Kudu tana gudanar da tashar Kuberg tun 1984, Masar kuma ta fara gina tata a Dab'a a 2022, don haka ba a ce baƙar fata ba zai iya ba. Dattijon a kan amana yake magana.

Ba a gina tashar ba. An tumɓuke al-Bashir a watan Afrilu 2019. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a cikin Hartum tsakanin soja da dakarun Da'amus Sari'. Tsakiyar birnin ta zama fagen fama, Asibitin Zarra ya daina aiki. Masu ciwon daji suka kwarara zuwa cibiyar Wad Madani, wadda take karɓar marasa lafiya tun 1999. A watan Disamba na shekarar nan Wad Madani ma ta faɗi. Gadar Shambat, wadda take haɗa Umdurman da Bahri, ta riga ta karye tun Nuwamba. Alsawra ta zauna a hannun soja, ta cika da 'yan gudun hijira, harsashin igwa yana faɗowa a kasuwa da gidaje, asibitin Nau kuma yana karɓar masu rauni ba dare ba rana.

A cikin wannan hali ne maƙwabciyar nan, mai ƙin karɓar kwano, ta shigo wata safiya ta zauna kusa da uwargidan mai agashe. 'Yarta ce aka ce tana bukatar gashi. Ta ce, "Yaya, ki gaya mini gaskiya, da zafi?" Matar ta buɗe mayafi ta nuna mata wurin, ta faɗa mata komai, da duhun fatar da gajiyar da ƙofa mai kauri. Ɗaya daga cikin 'yan wuraren da injin gashi ya rage yana aiki a ƙasar a lokacin shi ne Marawi. Suka sayar da abin da za su sayar, suka bi hanyar hamada zuwa garin da a shekarun baya ko sunansa ba sa so a ambata a gidansu.

A watan Janairu 2025 jirage marasa matuƙi suka kai hari kan tashar lantarki ta Marawi, wuta ta ɗauke a Umdurman da garuruwa da yawa. Mai agashe ya zauna a cikin duhu tare da waɗanda suka rage daga cikin samarin. Ɗalibin nan ne da kansa ya kawo zancen tashar Zaforijiya ta Yukren, mafi girma a Turai, mai tukwane 6, wadda sojan Rasha suka kama a watan Maris 2022, duniya ta yi ta fargaba a kanta. Ba wanda ya ce wa wani "ai na faɗa maka".

Soja sun karɓe Hartum a watan Maris 2025. Mutane suka fara hayewa su duba gidajensu, suka tarar an kwashe har wayoyin tagulla na cikin bango da na ƙarƙashin titi. Cinikin tsohon ƙarfe ya buɗe, yara suna yawo da buhu da guduma a cikin kangaye. Wannan ne ya tada wa dattijon hankali fiye da duk zancen baya, domin ma'aikacin nan na asibiti ya taɓa ba shi labarin Goyaniya ta ƙasar Birazil. A watan Satumba 1987 waɗansu masu neman tsohon ƙarfe suka shiga wani asibitin gashi da aka yashe, suka ɗauko kan injin, suka fasa shi. A ciki akwai wani gari mai walƙiya shuɗiya a cikin duhu. Mai sayen ƙarfen ya kai gida ya nuna wa dangi, aka rarraba don sha'awa, wata yarinya 'yar shekara 6 ta ci abinci da shi a hannunta. Mutum 4 suka mutu, har da yarinyar. Aka auna mutum 112,000, aka sami 249 da abin ya taɓa, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar wurin.

Yaran gwangwan sukan tsaya a tukubarsa da magariba, in ciniki ya yi kyau su sayi tsinke ɗaya su raba. Yakan ɗauki tsinken da aka cinye ya zana musu a ƙasa: ɗigo a tsakiya, da fuka-fuki uku kewaye da shi kamar na fanka. Ya ce yawanci a kan rawaya ake buga ta. Ya ce duk ƙarfen da suka ga wannan alama a jikinsa, ko wanda ya yi nauyi fiye da girmansa, kada su ɗaga, kada su fasa, kada su tsaya kallo, su yi nisa su kira babba. Wani ƙarami a cikinsu ya tambaya ko nawa ake sayen kilonsa. Dattijon ya kama kunnensa a hankali, ya sa shi ya zana alamar da hannunsa sau uku.